Ƙararrawar Maser da Sunan Ɗiyar Fari

Lakwal ɗin, wato makarantar, da ɗiyata ta yi kwaleji na ƴan Misiyo ne, masu wa'azin Kirista, can birnin Lyon na Faransa, bisa tudu a hayin kogin Saône, kuma ban taɓa ganin wurin da ya kai shi iya rufe shekara ba. Da watan Yuni ya kama, sai karatu ya kwance ɗamara. Malaman da suka kwashe shekara suna ɗaure fuska sai ka gan su da gwangwanin fenti a hannu. Yara suna mayar da littattafan aro, suna goge gemun da suka zana wa sarakunan Faransa a ciki. Daga ɗakin kiɗa kuwa waƙa guda ake ji safe da maraice, kullum tana karyewa a gaɓa guda, har mu iyaye masu jira a bakin ƙofa muka haddace wurin, muna ɗauke numfashi in an kusa shi. Duk wannan hidima ta yini guda ce, Asabar ta ƙarshe, wadda suke kira kermes: da safe su yi addu'arsu a coci, da rana a ci a sha a yi wasanni a farfajiya, da la'asar a sallami ƴan ajin ƙarshe.

Mutanenmu na unguwar Guillotière sun sha tambayata abin da ya kai ɗiyar Musulmi makarantar masu gicciye. Amsata ba ta canzawa. Ni ma can Damagaram a hannun Maser na koyi boko, kuma ban fasa salla ba. Maser, haka muke kiran matan nan da suka bar aure suka riƙe makaranta da asibiti. Babana, Allah ya ji ƙansa, yakan ce macen da ta iya ƙin miji saboda aikinta ba za ta bar yaro ya ƙi lissafi ba. Daga baya ni kaina na zama malama, na yi shekaru ina koyarwa, kafin in biyo mijina da ya zo karatu a Bron, nan gefen Lyon, ya kuma samu aiki muka zauna. Allo da alli na baro su gida. Murya dai ta biyo ni.

A jikin bangon cocin makarantar akwai wata tsohuwar ƙararrawa ta tagulla mai igiya. Tun da aka sa ta lantarki aka daina kula ta, sai sau ɗaya a shekara. Ranar kermes, duk ɗalibin da ya gama ajin ƙarshe za a kira cikakken sunansa a lasifika, ya taso daga cikin ƴan'uwansa, ya ratsa farfajiya, ya ja igiyar sau ɗaya, ya ba shugabar makaranta hannu. Yaran sukan taɓe baki su ce al'adar tsofaffi ce, alhali tun suna ajin farko suke gwada tsallen kamo igiyar in ba mai kallo. Kiran sunayen kuma ba aikin malamai ba ne. Dole sai ɗaya daga cikin iyaye, don a cewar Maser shugaba, iyaye suka kawo su, iyaye za su karɓe su.

Shekarar da ɗiyata ta kai ajin ƙarshe, mutumin da ya daɗe yana wannan kira, wani lauya mai murya kamar ganga, autansa ya riga ya fita. Aka tara mu iyaye a ɗakin cin abinci don rabon aiki. Bafaranshe in ka ba shi teburi da batun abinci, ka ba shi majalisa. Gardama ta kaure a kan ko kek ɗin gida za a kawo ko na kanti, da kuma ko gasasshen naman Musulmi zai raba wuta da na sauran. Kowa yana magana, ba mai ji. Ban san sa'ad da na buga tafin hannu a teburi na ce a yi ɗaya bayan ɗaya ba. Ban ɗaga murya ba, muryar aji ce kawai, wadda takan sa yaro ya haɗiye cingam. Wani likitan haƙori da ke tsaye yana jawabi ya zauna, har da naɗe hannu.

Maser ta dube ni ta saman tabarau. Tsohuwa ce siririya, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta ratsa baranda har tattabaru sukan gyara tsayuwa. Ta ce ta samu mai kiran sunaye. Aka tafa. Na amsa nan take, ban ko yi ƴar tirjiyar da ta kamata ba. Na gangaro tudun nan cikin ɗan jirginsu mai igiya ina jin kamar an ba ni minista. A zuci har na ɗinka leshi, na zaɓi ɗankwali. Sai da na shiga tram, jirgin cikin gari mai zuwa Bron, na zauna, na ajiye jaka a cinya, sannan na tuna wadda ke cikin ajin.

Yarinyar nan ita ce ɗiyata ta fari, kuma sunan surukata aka sa mata, uwar mijina. Kunya biyu a kai guda. Tun ranar da aka raɗa sunan, bakina bai taɓa furta shi ba. Kuma zaman Faransa bai gagare ni ba a kan haka, don mai kunya ba ya rasa dabara. Wurin likita takarda nake miƙawa. In na buga waya makaranta, in ce uwar yarinyar nan ce mai kitso ta aji kaza, su da kansu su faɗi sunan, ni in ce ita. A gida kuwa ke ce, ko yarinyar nan. Babanta Inna yake ce mata, don shi ma ba ya kama sunan uwarsa. Ƙannenta su ce Yaya. Sunan nata na yanka sai ya zama kamar rigar makaranta, can ake sa shi, can ake tuɓe shi, kuma can ɗin ma daga maƙogwaro suke fito da shi kamar masu kurkurar baki.

Ni a ganina tarbiyya nake yi. Akwai ranar da malamar Latin ta zaunar da mu, ni da yarinyar, ta yi ta zuba yabo, wai ba ta taɓa samun ɗaliba irinta ba a wannan harshe da masu shi suka mutu suka bari. Na sunkuyar da kai, na ce ai ko faranti ba ta iya wankewa da kyau ba. Malamar ta yi sororo. Ni kuwa na fito ina jin na ci jarrabawa, na san da uwata tana wurin da ta yaba. Ban lura ba sai daga baya cewa har muka isa gida yarinyar ba ta dube ni ba.

To, labarin mikro, abin maganar da za a miƙa mini, ya riga ni isa gida. Washegari da la'asar ta same ni a kicin, ta jawo kwanon ceri, ƴaƴan itacen nan ja da ke cika kasuwa a Yuni, ta zauna tana ci tana jera ƙwallayen a bakin teburi. Ta tambaye ni da Hausarta ta Lyon, wadda rabinta Faransanci ne, ko gaskiya ne ni zan kira su. Na ce gaskiya ne. Na kuma shimfiɗa mata dabarar da na kwana da ita: in an zo kanta sai tari ya sarƙe ni, in miƙa wa Maser mikro, ta faɗa, in karɓa in ci gaba. Ba wanda zai gane.

Ta gama tauna wadda ke bakinta tukuna.

"Maman, in ba ke kika kira ni ba, ba zan tashi ba," in ji ta. "Sai a tsallake ni. Ƙararrawar ta zauna abinta."

Na ce kada ta kawo mini rashin kunyar ƴaƴan Nasara. Ta ce mai gadin ƙofa ya san sunanta, matar da ke zuba musu abinci ta san shi, direban bas ma ya kusa sani, ni kaɗai ce a duk faɗin Lyon ban san shi ba. Na ce na fi su duka saninsa.

"To, ni ban taɓa ji ba," ta ce, ta kwashe ƙwallayenta ta fita.

Na san halinta, don na san inda ta gado shi. In ta ce ba za ta tashi ba, ko bencin ne ya kama da wuta sai dai a ɗauke ta da shi. Shekara huɗu tana kallon igiyar nan.

Na kai ƙara wurin babanta. Ya saurara da kyau, irin sauraron mutumin da ke neman ƙofa. Ya ce wannan magana ta mata ce, shi dai an ba shi aikin gashin nama, kuma gashi yana son hankali. Yana fita ya waiwayo ya tuna mini cewa Yaya fa za ta zo.

Yayar da yake nufi ita ce babbar yar mijina, goggon yaran, tana zaune a Stains, bayan Paris. Gidanta can saman wani dogon bene ne, amma duk ɗan Nijar da ya sauka Paris, ɗalibi ne ko ma'aikacin jakadanci, a falonta yake fara cin tuwo. Mu ma can muke yin hutu. Ita ta nemi a sa wa yarinyar sunan mahaifiyarsu. Innata take ce mata, tana rage murya in za ta faɗa, kuma in an raba kaza yarinyar ce mai ƙirji. A falon nan na taɓa ganin wata amarya ƴar boko ta kira ɗanta na fari da sunansa, gatsal, a gaban manya. Yaya ta juyo. Kallonta kawai ta yi har sai da baiwar Allah ta ajiye cokali.

Kuma ni da bakina na gayyace ta, tun kafin maganar mikro, don ba a yi wa babbar yar miji ɓoyon biki. A waya, bayan mun gaisa mun tambayi gida da gajiya da zafi, ta ce mene ne kuma kermes. Na ce kamar biki ne. Ta ce to wane zane aka fitar. Da ƙyar na shawo kanta cewa ba a anko a makarantar Maser. Ta ce shi ke nan, za ta zo da alkaki da Hajiyoyi biyu.

Da na ga ba gaba ba baya, sai na hau tudu in ajiye aikin. Ofishin Maser yana ƙamshin man goge katako. Na yi mata bayani dalla-dalla, irin na malama, har da misalai. Na zaci za ta yi mamaki, ko ta yi mini wa'azin zamani. Ta dai cire tabarau ta goge. Ta ce ita ma sunan da muke kiranta da shi ba nata ba ne, ranar da ta shiga wannan hanya aka ba ta shi, na yankanta kuwa ta ajiye shi a bakin ƙofa kamar takalmi.

"Uwata kaɗai ta ƙi yarda," in ji ta. "Har ta rasu da tsohon take kirana. Tun daga nan ban sake jin shi ba. Akwai waɗanda suka san shi, amma ba su iya faɗinsa ba."

Ta mayar da tabarau, ta koma shugaba. Ta ce ba ta karɓi murabus ba. Za ta tsaya kusa da ni ranar, hannunta a buɗe, in na miƙo mikro za ta karɓa, ba tambaya. Amma ko yarinyar za ta tashi, wannan ba a ofishinta ake yanke shi ba.

Na gwada, kada a ce ban gwada ba. Na shiga banɗaki na kunna famfo na buɗe baki. Na tsaya tsakiyar gadar kogin Rhône inda ƙarar motoci ke haɗiye komai. Ni da na koya wa yaran Damagaram furta kalmomin Faransancin da su Faransawan ma suke tuntuɓe da su, sai bakina ya kai baƙin farko ya tsaya cik, kamar jakin da ya ga gada.

Sai dai makon ƙarshe ba ya barin mutum ya zauna da damuwarsa. An ba mu rumfar abinci, mu matan Nijar, kuma mun ɗauki abin kamar ƙasar ce za a duba. Na yi sawu ya fi a ƙirga zuwa Guillotière: wake, mai, yaji, zoɓo, citta. Hajiya mai kanti ta ce in Nasara za su ci ƙosanmu to ba da wannan waken ba, ta shiga ciki ta fito da na ɓoye. Ranar Juma'a falona ya cika da mata, ana surfen wake, ana gardamar ko za a rage yaji. Aka yanke ba za a rage ba, su ma su san an zo. Yaran suna shiga suna fita da kwalaye da balan-balan. Ɗiyata tana gwada riga ta uku a gaban madubi, tana yi wa kowa dariya ban da ni. Da maraice muka tarbo Yaya a tashar jirgi, ta sauko da Hajiyoyinta biyu da jakunkunan da sai da wani ɗan sanda ya taya su. Ta rungume yarinyar tana Innata, Innata, an girma. Ni ta dube ni ta ce na rame.

Asabar ta waye tas, ba ko gajimare. Tun da hantsi muka kafa rumfa. Su suna cikin coci, mu muna hura wuta, ƙofar a buɗe saboda zafi. Sai ga waƙar nan ta taso. Na ɗaga wa mata hannu na ce su saurara, ga wurin nan tafe. Muka tsaya da matsami a hannu. Yaran suka iso gaɓar, suka haye ta sumul kamar ba su taɓa faɗuwa a nan ba. Mu da ba addininmu ba, ba waƙarmu ba, muka kama tafi a kan kaskon mai.

Daga nan farfajiya ta rikice. Ƙanana suna kamun agwagin roba da ƙugiya a cikin baho. Manya sun yi layi wurin jifan malamin lissafi da jiƙaƙƙen soso, kuma wannan layin ya fi kowane tsawo, har da wasu iyaye a ciki. Mijina yana can cikin hayaƙi da likitan haƙori, kowa da wutarsa, sun zama aminai. Rumfarmu kuwa ba masaka tsinke. Limamin cocin ya dangwali yaji da yawa, hawaye suna zuba, yana cewa a ƙaro. Yaya ta ɗaura ɗamara ta karɓe kasko, duk yaron da ya gifta ta ce wannan ba a ba shi abinci a gida, ta cika masa hannu. Da aka zo fitar da kyautar ƙuri'a, babbar kyauta cinyar alade ce, an naɗe ta da jan ƙyalle, kuma Allah da ikonsa lambar ɗaya daga cikin Hajiyoyin Stains ta fito. Ta tashi da mutuncinta, ta je, ta nuna limamin da yatsa daga nesa ta ce ta ba shi, Allah ya sa albarka a ilimin yara. Tafin da aka yi mata ko ɗan takara bai samu ba. Kafin azahar ta gota ƙosai ya ƙare ƙaf, muka kashe wuta muka juye mai.

Na yi dariya ranar har cikina ya ƙulle, kuma duk dariyar da na yi, da na ɗago sai in ga igiyar nan tana lilo a jikin bango.

La'asar ta yi, aka jera benci. Ƴan ajin ƙarshe suka zauna gefe guda, an yi kwalliya, samarin sun sha man gashi. Maser, don girmama baƙuwar da ta zo tun daga Paris, ta kama hannun Yaya ta zaunar da ita a layin gaba, ita da Hajiyoyinta, daidai ƙarƙashin lasifika. Aka miƙo mini mikro.

Ba zan ɓoye ba, farkon na ji daɗinsa. Na kwana biyu ina bitar sunayen, na ƴan asalin Italiya, na Armeniya, na Vietnam, na Faransawa masu baƙaƙen da ake rubutawa ba a karantawa. Ina kira, yaro ya taso, ƙararrawa ta amsa, iyaye su tafa. Wata uwa ta kama hannuna daga baya ta ce tun da ɗanta ya shiga makarantar ba a taɓa faɗin sunansu daidai ba sai yau. Bi da bi ake kira, bisa tsarin baƙaƙe, namu kuwa can wajen ƙarshe yake. Kowane bugu yana matso da shi. Na saci kallon yarinyar. Tana zaune ƙyam, ta harɗe hannuwa, idonta a kan bango. Na nemi babanta, na hango shi yana fifita gawayin da ya daɗe da mutuwa. Maser tana dama da ni, tafin hannunta a buɗe kamar mai jiran yayyafi.

Saura yaro biyu a zo kanta, sai Yaya ta miƙe. Ta gyara mayafi, ta shaƙi iska, ta ce da Hausa, yadda layi uku za su ji:

"Mai yana ƙonewa. Hajiya, ku taso mu duba."

Wutar da muka kashe tun azahar. Hajiyoyin suka tashi ba musu. Suka ratsa farfajiyar nan a jere, ba gaggawa, Yaya a gaba, ba ta dube ni ba ko sau ɗaya, har suka sha kwanar ɗakin cin abinci suka ɓace. Na kira yaro na farko, ya buga. Na kira na biyu, ya buga.

Sai na faɗa. Ban faɗe shi yadda suke faɗinsa a makarantar ba, don ban iya ba. Ya fito yadda na riƙa jin tsaran surukata suna ƙwala mata kira ta kan katanga a Damagaram, da jan wasalin ƙarshe da komai. Kuma ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, ya bugi bangon coci ya dawo mini, na ji shi sau biyu.

Yarinyar ba ta motsa ba. Zuciyata ta ce shi ke nan, na zubar da kunyata a banza. Ashe ita ma ba ta taɓa jin shi a haka ba. Sai da ƙawarta ta zungure ta da gwiwar hannu sannan ta zabura. Ta ratsa farfajiya, ta kama igiyar da hannu biyu, ta ja ta da nauyinta duka. Bugu ɗaya doka ta ce, ɗaya ta yi, amma duk tattabarun rufin cocin sai da suka tashi.

Daga bayan ɗakin cin abinci, wurin mutanen da ba su ji komai ba, guɗa ta tashi. Murya uku, ta Yaya a sama. Faransawa suka waiwaya, wasu yara suka gwada kwaikwaya. Maser ta rufe tafin hannunta, ta matso ta tambaye ni a hankali ko lafiya. Na ce mai ne aka ceto.

Akwai sauran yara, kuma aiki aiki ne. Wanda ya biyo baya sunansa mafi sauƙi ne a duk Faransa, irin wanda ake sa wa yaron cikin littafin ajin farko. Na kwaɓa shi. Yaron kirki ne, ya taso haka nan.

Wajen kwashe kaya, ina goge kasko, Yaya ta zo ta tsaya kaina. Na ƙi ɗagowa. Ta ce makarantar tana da kyau, Maser ɗin ma mutuniyar kirki ce, sai dai lasifikarsu ba ta da kyau, ita dai ba ta ji komai ba. Lasifikar da na tabbata masu kamun kifi a bakin Saône sun ji ta. Na ce haka ne, Yaya, tsohuwa ce. Ta buɗe jakarta ta fito da ƙullin alkakin da ta hana kowa tun safe, ta ajiye mini a cikin kaskon, ta wuce tana faɗan an bar murfi a ƙasa. Mijina ya iso da jajayen idanu ya ce hayaƙi ne.

A ɗan jirgin gangarowa mun cika shi da tukwane da balan-balan, Hajiyoyi suna ta maimaita labarin cinyar alade. Birnin yana ƙasa, rana ba ta ko yi niyyar faɗuwa ba, ga hutu shimfiɗe a gabanmu. Yarinyar ta matso ta zauna jikina, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Tafin hannunta duk shatar igiya. Ta kawo bakinta kusa da kunnena.

"Maman, sake faɗi."

Na dubi Yaya, wadda ta juya mana baya tana kallon taga da himma.

"An rufe lakwal," na ce. "Ke, riƙe tukunyar nan da kyau."